Mai gida ya ƙara haya, tallafin gwamnati yana nan inda yake: ina mafita?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya. Na dawo daga aiki na tarar da ambulan a bakin ƙofa, takarda daga dillalin da ke kula da gidan da muke haya a nan Ingila. Wai daga ƙarshen wata mai zuwa haya ta tashi daga fam 825 zuwa fam 950. Gida ne mai ɗakin kwana biyu, ni da yara biyu, shekararmu shida a ciki, tun babansu yana da rai. Ina aiki a kicin ɗin makaranta awa 20 a mako, tallafin gwamnati na Universal Credit (UC) ke cike min sauran. Abin da suke sa min na haya bai kai fam 700 ba, kuma tun Afrilun 2024 bai motsa ba. Dama can daga kuɗin cefane nake gutsura ina cike giɓin, yanzu kuma ga 125 a kai. Na zauna da biro da takarda har ƙarfe ɗaya na dare, lissafi ya ƙi fita. Ga azumi na ƙaratowa. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya faɗa min: mai gida yana da ikon yin haka? Kuma in haya ta ƙaru, su ma za su ƙara min?

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, Allah ya kawo mafita, ya jiƙan babansu. Kada ki sa hannu a komai tukuna, kada kuma ki amsa musu ta waya. Bari Malam Bashir ya shigo, shi ne ke zama da irin waɗannan takardu kullum.

Nura:
Zalunci ne kawai. Masu gidajen haya a ƙasar nan ba sa tsoron Allah. Sun san mace ce da marayu, sun san ba ta da inda za ta je, shi ya sa. Ni na bar gida uku cikin shekara huɗu a kan irin wannan.

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam. Hajiya ta yi gaskiya, kada ki yi gaggawa. Zan fara da tambayarki ta biyu domin ita ce mai ɗaci: a'a, ba za su ƙara miki don haya ta ƙaru ba. Amma ki sanar da su sabon kuɗin idan ya fara aiki, don bayananki su zama daidai.

Dalili shi ne abin da ake kira LHA, wato iyakar da gwamnati ta yanka wa tallafin haya ga masu zama a gidajen 'yan kasuwa. An raba ƙasa yanki-yanki. A kowane yanki sai a jera gidajen haya masu girma ɗaya daga mafi araha zuwa mafi tsada. Ki ɗauka guda 100 ne. Da aka kawo tsarin a 2008, kuɗin gida na 50 a jerin shi ne iyaka, ma'ana rabin gidajen gari mai tallafi zai iya kamawa. A Afrilun 2011 aka sauko da shi zuwa gida na 30. Da ma an tsaya nan da sauƙi. Daga 2016 zuwa 2020 aka daskarar da kuɗin, haya na tafiya shi yana tsaye. Da korona ta zo a 2020 aka mayar da shi na 30, aka sake kulle shi shekara huɗu. Afrilun 2024 aka sake daidaitawa, sannan aka sake kullewa. Shi ya sa kika ga naki bai motsa ba tun lokacin.

Batun ko yana da iko, a dokar kafin Mayun 2026: ki duba takardar da kyau. Idan wa'adin yarjejeniyarku na farko ya ƙare kina zaman wata-wata, wasiƙa zalla ba ta isa ta ƙara haya, sai dai in akwai sharaɗin ƙari a cikin yarjejeniyar ko ke kika amince. In ba haka ba sai da takardar da doka ta tanada, ta Sashe na 13, sau ɗaya a shekara, da wa'adin aƙalla wata guda. Kuma ki kula, in kika biya sabon kuɗin ko sau ɗaya, ana ɗaukarsa kin amince.

Sannan ina da tambaya, kuma ba don surutu ba: yaran shekarunsu nawa, kuma maza ne ko mata?

Maman Ilham:
Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Na duba, wasiƙa ce kawai a kan takardar kamfaninsu, babu wani Sashe na 13 a jiki. Ilham shekararta tara, za ta cika goma a watan Yuni. Ƙaninta yana da bakwai.

Alhaji Garba:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban cika magana ba, amma maganar ɗana Nura ta sa dole in ce wani abu, domin ni ma mai gidan haya ne. Gida biyu gare ni. Ba gado na ci ba, shekara ashirin da wani abu ina tuƙin tasi da dare na tara kuɗin su, don in tsufa ya zo kada in zama nauyi a kan yara.

Nura, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A farkon Disamban 2021 ruwan Bankin Ingila yana kashi 0.1 cikin ɗari. A watan Agustan 2023 ya kai 5.25. Ni ba bashin ruwa na ci ba, ta tsarin Musulunci na sayi gidajen, amma su ma kuɗin da suke karɓa duk wata yana bin sawun wancan ne. Ranar da wa'adina na shekara biyar ya ƙare, abin da nake biya a gida ɗaya ya ƙaru da fiye da fam 300 a wata. Ga haraji: kafin 2017 sai ka cire abin da ka biya banki na ruwa sannan a yanka maka haraji a kan saura. George Osborne, ministan kuɗi na wancan lokacin, ya canza wannan, aka riƙa janye shi kaɗan-kaɗan har 2020, yanzu rangwamen kashi 20 kawai ake ba ka. Ga inshora, ga takardar duba gas duk shekara, ga ta wuta duk shekara biyar. Bara tukunyar ɗumama gida ta mutu a tsakiyar sanyi, akwai jariri a gidan, cikin kwana biyu na nemo sama da fam 2,000 na sa sabuwa.

Ban ce babu azzalumai ba. Akwai su, na san wasu, gida na fumfuna bango na zubar ruwa suna karɓar haya ba kunya. Amma kada a haɗa mu duka a kwando ɗaya.

Nura:
Baba Alhaji, da girmanka, ba da kai nake ba. Amma ka duba: kai in abu ya yi tsanani ka sayar da gida ka riƙe kuɗinka, har da riba, tunda gidan ya ninka abin da ka saye shi. Ita Maman Ilham in abu ya yi tsanani ina za ta? Shekara shida tana biya, ko bulo ɗaya ba nata ba ne. Asararku da tamu ba ɗaya ba ce.

Alhaji Garba:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Wanda zai rasa riba da wanda zai rasa wurin kwana ba a haɗa su. Abin da nake so ka gane shi ne ni ma ba ni na yanka kuɗin da ake ba ta ba.

Malam Bashir:
Maman Ilham, ga dalilin tambayata, kuma ina ganin akwai ɗan haske a nan. Ba girman gidan da kike ciki ake dubawa ba, adadin ɗakunan da iyalinki suka cancanta ake dubawa. Ƙa'idar ita ce: babba ko ma'aurata ɗaki ɗaya. Yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 ɗaki ɗaya, ko da mace da namiji ne. Yara biyu jinsi ɗaya 'yan ƙasa da 16 ɗaki ɗaya. To yanzu ana lissafa ki a mai ɗaki biyu. Ranar da Ilham ta cika 10, ita mace shi namiji, lissafi ya koma ɗaki uku, ko da kina nan a gidanki mai ɗaki biyu ba ki motsa ba. Za a biya ki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin ainihin hayarki da iyakar ɗaki uku ta yankinku. Ki shiga shafin gwamnati na duba LHA ki sa lambar unguwarku, ki ga nawa ne na ɗaki uku. Idan lokacin ya yi ki rubuta musu a shafinki na UC, kada ki zauna jiran su lura da kansu.

Kafin Yuni kuma ki nemi tallafin cike giɓin haya a kansul ɗinku, wato ƙaramar hukuma, wanda ake kira DHP a Ingila kafin Afrilun 2026. Ba dole ne su bayar ba, kuma na ɗan lokaci ne, amma mai cewa "wata huɗu kawai nake buƙata, ga dalili" ta fi samun kunne. Ki haɗa takardun banki na wata uku da lissafin abin da kike kashewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara gobe.

Maman Ilham:
Allahu Akbar. Malam na duba yanzu. Na ɗaki uku bai kai 950 ba, amma ya kusa rufe hayar da nake biya a yau. Wallahi shekara biyu ina kan tsarin nan ban taɓa sanin wannan ba.

Kawu Sule:
Ni daga Kano nake bin ku, ƙanwata ce ta sa ni a zauren. Ku gafarce ni, amma abin yana ba ni mamaki. Gwamnati ta biya wa mutum kuɗin haya kuma a ce akwai kuka? Mu nan shekara guda cur ake biya a dunƙule, ga kuɗin dillali, ranar da ka kasa a fito maka da kaya. Wa zai ba ka ko sisi?

Ummi:
Kawu sannu da ƙoƙari. Abu biyu. Na farko, haya a nan tana cinye rabin albashin mai ƙaramin aiki, wani wurin fiye. Kuma a watan Janairu ba ka da zaɓin kwana a waje ko a shago, sanyi kashe mutum yake. Na biyu, yawancinmu da muka zo kwanan nan ba mu da rabo a tallafin kwata-kwata. Ni da bizar aikin kula da tsofaffi na zo, an rubuta ƙarara cewa ba ni da haƙƙin taɓa kuɗin gwamnati. Haka ɗalibai. Muna biyan haraji duk wata, amma ranar da aiki ya yi ƙasa babu UC, babu tallafin haya. Da na zo neman ɗaki sai da na biya wata shida a dunƙule saboda ba ni da wanda zai tsaya min, adashe muka yi mu huɗu kafin kuɗin ya haɗu. Kada mutanen gida su ɗauka duk wanda ke Ingila gwamnati ke ciyar da shi.

Kawu Sule:
To madalla, na ƙaru. Ashe kowa da irin kiɗan da ya karɓe shi. Allah ya rufa asiri.

Abba:
Tunda an taɓo maganar, ni ma ga tawa. Shekarata 29, a nan aka haife ni. Kamfanin da nake wa aiki ya rage ma'aikata a watan Nuwamba, na shiga UC. Ina zaune a ɗan fulat mai ɗaki ɗaya. Sai aka ce min tunda ban kai 35 ba, ba ni da aure ba ni da ɗa, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai za a ba ni, irin wanda kuke raba kicin da banɗaki da baƙi. Bai kai rabin hayata ba. Na nemi irin ɗakin a wannan kuɗin, babu. Wanda na samu kusa da shi, mutum shida ne a gidan, kwalaben giya a kan matakala, ko inda zan shimfiɗa darduma cikin natsuwa babu.

Malam Bashir:
Abba, haka dokar take, abin takaici. Da can 'yan ƙasa da 25 ta shafa, a Janairun 2012 aka ɗaga zuwa 35. Akwai waɗanda aka keɓe: wanda ya tashi a hannun hukuma har ya kai 25, wanda ya yi wata uku a masaukin marasa gida, mai karɓar wasu kuɗaɗen naƙasa, wanda ya tsere wa cin zarafi a gida. In babu ɗaya a ciki da ya shafe ka, DHP ne kawai, da addu'ar aiki ya samu da wuri. Ka je Citizens Advice, masu ba da shawara kyauta, su duba maka ko akwai abin da ya kuɓuce.

Alhaji Garba:
Bari in faɗi abin da ya sa da yawa cikinmu suke gudun mai tallafi, ko da ba daɗin ji. A tsohon tsari kansul ke biyan tallafin haya, kuma sau da yawa ana iya shirya ya shigo hannun mai gida. Da UC ya zo aka haɗe tallafi shida wuri ɗaya, a ba mutum a dunƙule sau ɗaya a wata, shi zai biya ka. Kuma sai ya jira mako biyar kafin kuɗin farko.

Na taɓa yin wani ɗan haya, mutumin kirki, mai 'ya'ya uku, shekara huɗu bai taɓa saɓa min ba. Aikinsa ya tsaya ya shiga sabon tsarin. Mako biyar babu ko kwabo. Ya karɓi rancen da suke bayarwa, suka fara cirewa duk wata. Da kuɗin farko ya shigo, ga firji babu komai, ga bashin wuta, ga takalman makaranta. Ya zo har gida ya zauna a falona ya ce, "Alhaji, na ci kuɗin hayarka, ban iya kallon yara da yunwa ba." Me zan ce masa? Ni ma da ni ne haka zan yi. Amma banki ba ya jin wannan. Sai da bashi ya kai wata biyu sannan na samu damar neman a riƙa turo min kai tsaye. Mun fi shekara kafin mu daidaita. Ban kore shi ba, alhamdu lillahi, yana nan har ya samu aiki ya tashi da kansa. Amma tun daga nan, in dillali ya kawo min mutum biyu, ɗaya mai albashi ɗaya mai tallafi, zuciyata takan karkata, kuma na san ba daidai ba ne.

Hajiya Binta:
Alhaji, a nan Scotland an ɗan sassauta wannan. Tun 2017 mai UC yana iya zaɓar a biya shi sau biyu a wata, kuma a tura kuɗin haya kai tsaye ga mai gida ba sai bashi ya taru ba. Ni haka na zaɓa lokacin da nake karɓa, hankalina ya fi kwanciya, abin da ban gani ba ba zan taɓa ba. A Ireland ta Arewa ma kai tsaye ake turawa tun asali. Kenan abu ne mai yiwuwa. Amma jiran mako biyar ɗin yana nan ko'ina, LHA ɗin ma ɗaya ne.

Nura:
To ai ka ji, Baba Alhaji da bakinsa ya faɗa. Shi ya sa in ka kira dillali, tambayar farko ita ce "kana aiki?" Da can ƙiri-ƙiri suke rubuta ba sa son mai tallafi a jikin talla. Yanzu sun daina rubutawa, sai su ce albashinka na shekara ya ninka hayar wata sau talatin, ko ka kawo mai tsaya maka wanda ya mallaki gida. Baƙo ina zai samo wannan?

Malam Bashir:
Rubutawar sun daina ne saboda a Yulin 2020 wata kotu a York ta yanke cewa ƙin ba mai tallafi haya kai tsaye wariya ce da ta saɓa dokar daidaito ta 2010, tunda mata da naƙasassu abin ya fi shafa. Ƙungiyar Shelter mai taimaka wa masu matsalar muhalli ce ta tsaya wa matar da ta kai ƙarar. Sabuwar dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta zo ta rubuta haramcin a fili, har da ƙin masu yara.

Tunda an zo nan, ga abin da zai canza a Ingila daga 1 ga Mayu 2026. Sashe na 21, wanda tun dokar 1988 ya ba mai gida damar ba ka notis na wata biyu ba tare da faɗin dalili ba, ya ƙare. Ƙarin haya sau ɗaya a shekara da wa'adin wata biyu, kuma in ka kai ƙorafi kotun haya ba za ta yanka maka sama da abin da mai gida ya nema ba. Bashin da zai sa alƙali dole ya ba mai gida gidansa ya tashi daga wata biyu zuwa uku, kuma ba a lissafa wanda jinkirin biyan UC ya jawo. Kuɗin gaba kuma ba zai wuce na wata ɗaya ba.

Maman Ilham, ki lura da ranar. Kafin Mayun 2026, Sashe na 21 yana da rai. Wasiƙarsu ba ta cika ƙa'ida ba, gaskiya ne, amma in kika tunkare su da faɗa suna iya maida miki da takardar tashi. Shawarata ki bi ta lalama.

Ummi:
Malam, wannan na wata ɗaya ni tsoro yake ba ni. Biyan wata shida ya yi min wuya, amma shi ne ya buɗe min ƙofa. In an hana, kuma ba ni da mai tsaya min, ba ni da tarihin bashi a ƙasar, da me zan shawo kan mai gida? Gaba kura baya sayaki.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ban yi niyyar magana ba amma bari in ƙara wani abu da ba a ambata ba, rufin da aka yi wa jimillar tallafi. Muna Landan, yara huɗu, maigidana yana jinya bai samu komawa aiki ba, ni kuma ƙaramin bai shiga makaranta ba. Da aka ƙara LHA a 2024 maƙwabta suna murna, mu ko fam ɗaya ba mu gani ba, domin mun riga mun bugi rufin. Abin da aka ƙara ta dama aka zare ta hagu. Yanzu ana ta cewa daga Afrilun 2026 za a soke dokar da ta taƙaita tallafi ga 'ya'ya biyu na farko, ina jin tsoron haka za ta sake faruwa.

Malam Bashir:
Tsoronki yana kan hanya. Rufin ya fara a 2013 da fam 26,000 a shekara ga iyali. A Nuwamban 2016 aka sauke shi zuwa 23,000 a Landan da 20,000 a sauran wurare. Sau ɗaya aka ɗaga, a 2023, zuwa 25,323 da 22,020. Duk wanda ya bugi rufin, ƙarin da aka yi a wani ɓangare ba ya isa hannunsa. Amma ki bincika wannan da gaggawa: idan aka tantance maigida aka tabbatar rashin lafiyarsa ta hana shi aiki da shirin aiki, ko yana karɓar kuɗin naƙasa na PIP, ko ke aka amince ke ce mai jinyarsa, rufin ya tashi daga kanku gaba ɗaya. Haka in ɗayanku yana samun kwatankwacin awa 16 a mako a mafi ƙarancin albashi. Kin kai takardar likita an fara tantancewar?

Maman 'Yan Biyu:
Muna kai takardar likita, amma ba a kira shi tantancewa ba tukuna. Zan bi sawu ranar Litinin in sha Allah.

Nura:
Duk wannan fa asalinsa rashin gidajen gwamnati ne. Tun 1980 zamanin Firaminista Thatcher aka fara sayar wa mazauna gidajen kansul, kusan miliyan 2 suka tafi a Ingila, ba a gina isassun madadinsu ba. Da yawa yanzu suna hannun 'yan kasuwa, gwamnati na biyan haya mai tsada a gidan da ita ta gina. Iyalai sama da 130,000 suna masaukin wucin gadi, wasu ɗaki ɗaya a otal da yara, ana kashe sama da fam biliyan 2 a shekara a kai. Kuɗin da aka ce an tsimi ta daskarar da LHA, can yake zurarewa.

Alhaji Garba:
Yau dai mun haɗu a magana ɗaya da Nura. Shekara nawa ana barin jaki ana dukan taiki: ɗan haya yana ganin ni ne, ni ina ganin shi ne, wanda ya kulle kuɗin yana ofis ba ya jin hayaniyarmu.

Maman Ilham, ga shawarar mai gida. Ki nemi magana da mai gidan kansa in da hali, dillali kaso yake ci, ƙarin haya ribarsa ce. Mai gida kuwa ya san in kika tashi zai yi wata ɗaya ko biyu gida babu kowa, ga fenti, ga kafet, ga kuɗin nemo sabon mutum wanda bai san halinsa ba. Mace mai shekara shida ba ta taɓa saɓa biya ba, ba a sakinta da sauƙi. Ki rubuta masa a takarda: ga abin da zan iya yanzu, ga abin da zan iya daga Yuli, ga dalili. Ki sa lambobi, mu lambobi muke ji.

Ni kuwa gaskiya na yanke shawarar sayar da ɗaya daga cikin nawa bayan sallah. Ba fushi ba ne, shekaru sun ja, lissafin kuma ya daina fita. Abin da ke hana ni barci iyalin da ke ciki ne, suna kan tallafi, na san abin da ke jiransu a kasuwa. Ina neman mai saye da zai karɓe shi da su a ciki, ko da zan rage kuɗin.

Abba:
Baba Alhaji, in Allah ya sa ɗayan gidan ya samu ɗaki, a tuna da ni.

Alhaji Garba:
Akwai mutane a ciki ɗana, amma turo min saƙo ta gefe. Akwai wani abokina da ke da ɗaki a saman shagonsa, zan tambaye shi.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari. Na rubuta takardar yadda Alhaji ya ce, Malam ya duba min ita kafin in tura. Dillalin ya fara cewa ba a magana da mai gida, sai na tuna ina da adireshinsa a jikin yarjejeniya, na aika masa ta gidan waya. Jiya da yamma ya kira ni da kansa. Dattijo ne, ya ce shi ma nasa biyan ya tashi. Mun tsaya a kan fam 850 daga yanzu zuwa Yuni, sannan 900 daga Yuli, kuma ba zai sake taɓawa ba sai bayan shekara. Na ce ya rubuto min, ya ce to. Ko da na ɗaki ukun ya shigo, akwai abin da zan riƙa cikawa daga aljihuna, amma ba kamar yadda na ji tsoro ba. Takardar DHP na miƙa ta ranar Talata, sun ce a jira amsa. Maman 'Yan Biyu, yaya maganar tantancewar maigida? Abba, an dace da ɗakin?

Abba:
Na je na gani Anti. Ƙarami ne kuma tagar tana kallon titi, amma da tsabta, kuma ni kaɗai ne a banɗakin. Ya ce sai ƙarshen wata mai ciki zai tashi. Ina jira.